Malam Ku-Fita da Ajin Ƙarshen Baranda

Kafin maigadi ya gama wanke fuska, Malam ya riga ya iso. Turo kekensa yake yi, ba ya hawa, don sarƙar ta daɗe da gajiya da shi. Ya jingine shi a jikin shagona ya ce, "Mai walda, an tashi lafiya?" Ba ya jiran amsa. Ya tsallaka titi, ya shige makaranta, ya bi doguwar barandar nan har ƙarshenta, inda aji na ƙarshe yake, mai tagogi ba gilashi da ƙofar da ake ɗaurewa da igiya. A nan yake fara aikin da ba wanda ya sa shi. Ya bi benci ɗaya bayan ɗaya yana laluba ƙarƙashi da hannu: ƙusar da ta fito, guntun rodi, wuyan kwalba da aka fasa aka ɓoye, ƙafar kujerar da ta fara girgiɗi. Ya tattara a tsohon buhu ya kawo min, abin gyara in gyara, abin zubarwa in zubar. Sannan ya koma ya share allo, ya zauna yana jiran yara.

Haka na san shi tun kansa baƙi ƙirin, har ya zama fari fat. A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce ya ajiye alli. Ba a yi masa taro ba, ba wanda ya miƙe ya yi jawabi. Shi ya sa na ce bari ni in yi, ko da yake hannuna ya fi sabawa da guduma.

Ni ba ɗan boko ba ne. Karatuna ya tsaya daidai inda zan iya karanta allon gefen hanya in san ko na ɓata. Amma na yi dako, na ja babbar mota, na kwana a tashoshi da ba zan iya tuna sunayensu ba, na ga maza suna faɗa da harsuna iri-iri. Da gwiwa ta ce ya isa, na buɗe shagon walda a gaban makarantar nan, kuma ni nake gyara mata benci da tagogi. Don haka abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko na ji daga bakin wanda ya gani.

Ajin ƙarshen baranda a takarda aji ne kamar kowanne. A zahiri kuwa juji ne. Duk malamin da yaro ya ishe shi, sai ya san yadda ya yi aka tura yaron can. Masu zagi, masu duka, masu barci da rana tsaka saboda abin da suka haɗiya da safe. Don a cika kujeru, sai a haɗa su da yaran kirki waɗanda iyayensu ba su san kowa ba. Malamai kan karɓi ajin na zango ɗaya su fara ciwon baya, su nemi a canza musu. Shi ya karɓa bai mayar ba.

Yara ne suka laƙaba masa Malam Ku-Fita, sunan ya bi shi har bakin iyayensu. Ranar da na ga dalili, ina tsugune a baranda ina liƙa ƙarfen taga. Wani ƙato da suke kira Injin, wanda ya fi Malam tsawo da kauri, ya haye kan benci yana kwaikwayon muryarsa. Muryar kuwa siririya ce, kamar ta mai mura. Aji ya kwashe da dariya, ana dukan tebur. Na kashe injin waldana na ce yau zan ga duka. Malam ya juyo daga allo, ya kaɗe alli daga hannunsa, ya ce, "Ku fita."

Injin ya yi tsalle zai sauko, har da murna.

"Ban da kai, abokina. Tsaya inda kake, wurin ya dace da kai. Sauran, ku fita. Monita, ku tafi da littattafanku, ku ƙarasa shafin da muka fara."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya suna waige. Ya rage Injin shi kaɗai a kan benci. Malam ya jawo kujera ya zauna a gabansa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To, ci gaba. Ka tsaya a inda nake cewa a buɗe littafi. Ka iya ƙwarai, hancin ne kawai bai fito ba tukuna."

Ban taɓa ganin mutum ya rasa inda zai sa hannuwansa kamar yaron nan ba. Ya dubi taga, ba kowa sai ni, ni kuma na sunkuyar da kai. Ya sauko a hankali ya zauna. Abin da suka tattauna ban ji ba, don Malam ya rage murya. Can sai ya leƙo ya ce, "Ku shigo," aka ci gaba da darasi.

Ni na gane abin da ya yi tun kafin ya bayyana min, don na sha gani a tasha. Maza biyu su kaɗai a lungu ba su cika dambe ba, sai dai su zagi juna su watse. 'Yan kallo ne ke haɗa faɗa. Wanda ya tuɓe riga a gaban jama'a ba ya iya mayar da ita sai ya daki wani. Ka ɗauke masa jama'ar, sai ya ji sanyi ya nemi rigarsa. Amma duk da haka da aka tashi na tare shi.

"Malam, wannan wane irin hukunci ne? Mai laifi na zaune a inuwa, marasa laifi na waje."

"In na kore shi, ina na kore shi?"

"Waje mana."

"Zo ka ga wajen."

Ya ja ni bayan ajin. Katangar makaranta ta zube a wurin, ko akuya za ta tsallaka ba tare da ta ɗaga wuya ba. Bayan katangar akwai wani kango da mai shi ya fara ginawa ya bari. Kowa a unguwa ya san kangon, ni ma na san shi, amma ban san bakinsa yana kallon tagar ajin nan ba. A ciki wani mutum da ake kira Mai Zobba yake zama da yaransa, suna sayar da ƙwaya. Yana zaune kan bulo a lokacin, ya ɗaga mana hannu kamar maƙwabcin arziki.

Malam ya ce, "Duk yaron da aka kora daga aji, baranda kawai yake bi ya zo nan. Mutumin can ba ya korar kowa. Yana da kujera, yana da ruwan sanyi, yana kiran yaro da suna mai daɗi. Ni da shi kasuwa ɗaya muke ci. Kana so in riƙa kai masa kaya har ƙofa?"

"To bulala fa? Ita ta gyara mu."

"Waɗannan an dake su a gida, an dake su a titi. Bayansu ya fi tafin hannunka kanta. Me tawa za ta ƙara?"

Ban yarda da shi duka ba, har yau ma akwai yaron da nake ganin kunnensa na neman a ja. Amma ni ba na kwana da su a aji.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin mai sihiri nake bayarwa. Yawancin waɗanda ya riƙe sun suɓuce masa. Injin ɗin nan da na ambata, ya gama makaranta lafiya, bayan nan aka tsince shi a kwata da wuƙa a ciki, kan rigimar da ba tasa ba. Malam na cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Akwai wani ɗan siriri mai iya zane, wanda ya zana fuskar Malam a bangon ban-ɗaki har hedimasta ta yi dariya kafin ta sa a goge. Yana gidan yari yanzu, Malam ne kaɗai ke kai masa sabulu da fensir. Akwai wanda ke yawo a kasuwa ba takalmi yana magana shi kaɗai. In ya hango Malam sai ya tsaya cak ya ce, "Ku fita," ya yi dariya, Malam ya saya masa burodi. Na tambaye shi sau ɗaya ko bai gaji ba. Ya ce ya gaji tun tuni, sai dai bai ga wanda zai miƙa wa ba.

Malam, kai ne wanda aka tofa wa yawu a riga, ka goge da takarda ka ƙarasa jimlar da ka fara. Kai ne wanda aka sace wa tayar keke, washegari ka turo shi da taya ɗaya a hannu, ka jingine a inda ka saba, har wanda ya ɗauka ya ji kunya ya dawo da ita ta bayan shagona. Mai zama da wuta a ɗaki ɗaya, ba ka taɓa cewa ba ta ƙuna ba.

Yanzu in zo kan abin da ya sa nake wannan rubutu, don ya shafi gidanmu.

Ina da ƙanwa, tana aikin shara da wanke ban-ɗaki a asibiti. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya. Yaron nan tun yana ƙarami aka sa masa Garwashi, don in ya yi shiru ba ka san da wuta a ciki ba sai ka taka. An kore shi daga makaranta ɗaya saboda faɗa, da ƙyar muka samo masa wannan, kai tsaye kuma aka tura shi ƙarshen baranda. Yana shekararsa ta ƙarshe. Hedimasta ta gaya wa uwarsa a gabana cewa laifi ɗaya ya rage masa. Mai Zobba kuwa ya riga ya fara zawarcinsa. Na gan su sau da yawa a bakin katanga, mutumin yana dafa kafaɗarsa yana kiransa jarumi.

Ƙanwata ta zo shago da kayan aikinta a jiki, ta zauna kan tsohuwar taya.

"Yaya, in suka kore shi na rasa shi. Ni ina asibiti tun safe har yamma, wa zai tsare min shi?"

"Ya zo nan ya koyi walda."

"Ka manta ranar da ka ce ya riƙe maka ƙarfe? Ya jefar ya tafi. Ba ya jin maganarka, ba ya jin tawa. Malamin nan kaɗai ne in ya ce zauna yake zama."

Gaskiya ta faɗa. Tsakanin yaron nan da kango ba abin da ya rage sai ƙofar da ake ɗaurewa da igiya da tsoho mai muryar mura.

Ranar da abin ya faru, ana cikin darasi ne wani yaro a bayan Garwashi ya toshe hanci ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai ana jin warin aikin uwar wani. Aji ya yi dariya. Garwashi ya miƙe, ya kifar da kujerarsa, ya taka ta ya fizge ƙafar ƙarfe. Ni na liƙa ƙafar nan da hannuna, kuma ban yi aikin banza ba, amma ya fizge ta. Malam ya ce, "Ku fita," ya shiga tsakaninsu. Ƙarfen ya riga ya taso. Ya sami Malam a gefen kai, daidai kunnen hagu.

Wata yarinya ce ta rugo shagona tana haki. Na tarar da yara cirko-cirko a baranda, wasu na kuka. Suka ce Malam ya faɗi, ya dafa tebur ya tashi, jini na bin wuyansa, abin da ya fara faɗa shi ne, "Na ce ku fita." Shi ya sa suke waje. Na nufi ƙofa da nufin in karya yaron nan gida biyu. Malam na zaune a ƙasa ya jingina da bango, ya danne kunnensa da tsumman goge allo. Ya ɗaga min ɗaya hannun.

"Mai walda, kai ma fita."

"Malam, jini kake zubarwa."

"Na sani, nawa ne. Tsaya a taga in kana so, amma kada ka shigo."

Garwashi na tsaye a tsakiyar aji, ƙarfen na hannunsa, idonsa na kan tagar baya. Tsalle ɗaya ne tsakaninsa da katanga. Na san in ya yi tsallen nan, shi ke nan, ba makaranta ba, ko gida ba zai sake kwana ba. Ta tagar ina hango Mai Zobba ya miƙe tsaye yana leƙe, don ya ji hayaniya.

Malam bai ce masa ajiye ƙarfe ba. Bai ce me ka yi ba. Ya ce, "Abokina, hannuna ya gaji. Zo ka danne min nan."

Yaron bai motsa ba.

"Ba wanda zai danne sai kai, duk na kore su. Zo, kafin in suma ka rasa abokin hira."

Na ji ƙarar ƙarfe a siminti. Ya zo ya durƙusa, ya karɓi tsumman, ya danna. Jinin ya bi yatsunsa har gwiwar hannu.

"Da ƙarfi. Ɗazu ai kana da ƙarfi."

Sai yaron ya fashe da kuka, irin kukan da ban ji daga gare shi ba ko ranar da aka binne ubansa. Malam ya bar shi ya yi. Da ya lafa, ya ce masa, "Abin da yaron can ya faɗa kan mahaifiyarka ƙazanta ne, kuma zan ji da shi. Kai kuma abin da ka yi, ka ga shi a hannunka. Yanzu ɗaga ni, mu je asibiti. Ta ƙofa za mu bi, ba ta taga ba."

Haka suka ratsa baranda a gaban makaranta duka, hannun yaron a kan kunnen Malam. A asibiti ƙanwata ce ta goge jinin da ya ɗiga a ƙasa, ba ta san na wa ne ba sai da ta shiga ɗakin ta ga ɗanta. Likita ya ɗinke fatar. Jin kunnen kuwa ya ce ya tafi, ba zai dawo ba.

Aka kira zaman iyaye da malamai a ofishin hedimasta. Ɗaki ne ƙarami, fanka ɗaya mai kuka, mutane har bakin ƙofa. Dokar makarantar ita ce, yaron da ya daki malami ana korarsa in malamin ya ce ba zai iya sake tsayawa gabansa ba. Hedimasta mace ce mai kirki wadda aiki ya tsotse. Ta tambayi Malam a gaban kowa, sai da ta maimaita don ta gefen hagu take.

"Ya dake ka?"

"Ya dake ni. Ba ni ya nufa ba, amma ni ya samu, kuma da ya samu wanda ya nufa da yanzu wata maganar muke yi."

"Za ka iya sake tsayawa gabansa?"

"Gobe da safe, in Allah ya kai mu."

Ɗaki ya ɗauki surutu. Sai wata mata mai ɗinki ta miƙe. 'Yarta ce ke zuwa ta ɗaya a ajin, ita ce ma ta rugo ta kira ni. Matar ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ina ganin girmanka. Amma ni ma bari in tambaye ka. 'Yata ba ta taɓa zagin kowa ba. Tun da ta shiga ajinka rabin karatunta a baranda take yi, a tsaye, tana jiran ka gama lallashin ɗan wani. Ni ma ba ni da miji. Ni ma idona ya kusa mutuwa a kan keken ɗinki don ta yi karatu. In ta faɗi jarrabawa, wa zai fitar da aji ya zauna da ita? Ko sai ta ɗauki ƙarfe tukuna za a san tana nan?"

Ni da ƙanwata muka sunkuyar da kai. Na ɗauka Malam zai kawo dogon bayani irin na malamai. Sai kawai ya ce, "Gaskiyarki. Na ɗauki lokacin 'yarki na ba wani, ban nemi izininki ba. Na sani tun tuni. Ban samu hanyar da ba za ta cuci kowa ba, sai na zaɓi wadda ba a mutuwa. Ba zan ce ki yafe ba."

Ba ta yafe ba. Ta cire 'yarta a makon ta kai ta wata makaranta mai nisa, kuma ban ga laifinta ba.

Hedimasta ta sallami mutane, ta bar Malam da ni da ƙanwata. Ta ce maganar ta wuce ta, ta kai sama. Iyaye sun yi ƙorafi, jini ya zuba a aji, dole a ga wani ya tafi. Ko yaron, ko kuwa malamin da ake cewa salonsa ne ya jawo. Ta ce masa, "Ka faɗi kalma ɗaya kawai, ka ce ba za ka iya ba. Ka ƙarasa shekarunka cikin mutunci, ka tafi da hakkinka cikakke. Kana da iyali."

Malam ya juyo da kunnen dama ya ce, "In na tafi a ƙarshen shekara da kaina, za a bar shi ya zauna jarrabawa?"

"Za a bar shi."

"A ajina, ba a wani wuri ba?"

"A ajinka."

"To na tafi."

Ƙanwata ta durƙusa za ta kama ƙafarsa, ya ja baya ya ce ta tashi, ƙasan ofishin ba a share ba. A hanya na ce masa, "Malam, ka yi ciniki mara kyau. Na yi shekaru ina ganin ciniki, wannan faɗuwa ce." Ya ce ya sani, bai taɓa iya ciniki ba, shi ya sa har yanzu keken nan yake turawa.

Washegari ya shiga aji da bandeji a kai. Ya fara da yaron da ya yi maganar wari. Ya fitar da aji, ya zauna da shi, abin da ya gaya masa ban sani ba, amma da yamma yaron ya je asibiti ya nemi ƙanwata ya gaishe ta. Garwashi kuwa ya zauna a benci na gaba har ƙarshen shekara. Ba zan ce ya zama waliyyi ba. Ya zagi wani malami, ya fasa tagar wani aji. Sau ɗaya ya ɓace kwana biyu, uwarsa ta kusa zaucewa, ya dawo idonsa jawur bai ce inda ya je ba. Amma ya dawo, kuma da safe ya tafi aji. Ya zauna jarrabawa. Sakamakon ba abin nunawa ba ne, ya faɗi fiye da abin da ya ci. Yanzu yana koyon gyaran wutar mota wurin wani abokina, ubangidan na ƙorafin bakinsa kullum, amma bai kore shi ba. Yana kwana a gida. Wanda bai da ɗa irin wannan ba zai san nauyin wannan jimla ba.

An ba wani saurayi ajin ƙarshen baranda. Yaron kirki ne, yana da ilimi, yana da murya. In yaro ya ishe shi, yana nuna masa ƙofa, kamar yadda aka koya masa. Ban zarge shi ba. Daga shagona ina ganin waɗanda aka kora suna bin baranda, hannu a aljihu, ba sa ko sauri.

Don haka ga roƙona ga malamai masu tasowa. Ban ce ku ba da kunnenku ba, kuma ban ce hanyarsa ba ta da aibi ba, mai ɗinki ta riga ta faɗa muku aibinta. Abin da na ce shi ne, kafin ka ce wa yaro fita, taka da ƙafarka ka je ka ga inda ƙofar ajinka take kaiwa, ka ga wanda ke zaune a can yana jira. In ka gani ka kore shi duk da haka, to aƙalla ka san abin da ka yi. Ku kuma iyaye da masu iko, kada ku sake barin mutum ɗaya da aji irin wannan har ya tsufa, sannan ku zo ku tambaye shi me ya sa jini ya zuba.

Malam, na gode. Ƙanwata ta gode, ta ce in rubuta cewa ba ta da bakin da zai isa. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar abin da ya rage, ya sa 'ya'yanka su samu mai tsaya musu kamar yadda ka tsaya wa na wasu.

Garwashi bai taɓa ba ka haƙuri da baki ba, na sani, na tambaye shi ya ce in bar maganar. Amma ran nan na hango ku a babban titi za ku tsallaka zuwa asibiti wurin duba kunnen. Kana ta magana kana nuni da hannu, ba ka ji motar da ta taso ta hagu ba. Shi ya ji. Ya riƙe maka hannun riga har ta wuce, sannan ya sake. Da kuka tsallaka ka koma ɗaya gefen don ka ji abin da yake cewa, sai ya zagayo ya dawo hagunka, ya ci gaba da tafiya a nan, bakinsa a rufe.